Kafar Ƙugiya

Duk mai fatsar kifin tarawut a kogin Biringi ya san Masta Sonaullah Mattu da hali ɗaya: ba ya barin ƙuda ya jiƙe. Ƙudan nutso ake nufi, 'yar ƙugiyar nan da ake naɗe wa zare da gashin tsuntsu, a jefa ta ruwa ya ja ta kamar ƙwaron da ya faɗa ya mutu. Mai haƙuri yakan ɗaura biyu ya wuni da su. Masta kuwa da ya ɗan jefa sai ya tsinke ya sa wani. In kifi ya ƙi ci, laifin ƙuda ne. Haka ya yi ta canja makarantu lokacin da yake koyar da labarin ƙasa, haka ya yi da jaridu da limamai. Mace ce kaɗai bai canja ba, ita kuma Allah ya karɓi abarsa.

Ranar Talatar ƙarshe kafin a rufe fatsa a kogin sai baɗi, ya tuƙo tsohuwar motarsa da Maƙbul Bazaz a gefe. Maƙbul ƙanin marigayiyar ne, mai kantin magani a Anantnag, kuma duk Juma'a yana waya da Irfan, ɗan Masta da ke aiki a Bangalor. Irfan ya riga ya yanke hukunci: ranar da idon Baba ya gaza, za a sayar da mota, a rufe gida, a kai shi ɗakin da aka tanadar masa can saman bene, inda ba ruwan da ke gudu sai na famfo.

Idon kuwa ya gaza tun bazara. Wani tabo ne ya zauna a tsakiyar ganinsa. Yana ganin gefen abu, abin kansa kuwa ya ɓace. Likitan da ya je wa a ɓoye ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne. Jiya da rana tsaka Masta ya zauna bakin taga da gilashin ƙara girman rubutu, ya yi ta fama har ya ɗaura ƙananan ƙudaje biyu a bakin zarensa. Gilashin kuma ya bar shi a gida. Gara a kama shi da tana a aljihu, abin da doka ta hana, da Maƙbul ya ga wannan gilashi.

A hanya saura ƙiris ya afka cikin garken tumakin makiyaya masu saukowa daga duwatsu.

"Masta-ji, kifi muka fito nema, ba nama ba," in ji Maƙbul, yana riƙe da ƙofa.

"Yi mini shiru, boka. Kai da ba ka iya keke ba."

Ruwan ya janye, ya yi garau, irin na kaka. Can ƙetare ana ta kaɗo gyaɗar bishiya da dogayen sanduna. Maƙbul ya gangara ƙasa, Masta ya tsaya a kan gurbin da ke ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya. Ya jefa a karkace, ya bar ruwa ya kewayo da ƙudajen, ya matsa gaba, ya sake jefawa. Wannan ba ya bukatar ido. Hannu ne ke jin kifi. Amma hannun nan ɗaya sai kai-komo yake zuwa aljihun da akwatin ƙudaje yake. Rana ta fito sosai, ya kamata a sa mai duhu. Gajimare ya gitta, ya kamata a sa mai walƙiya. Ya taɓa akwatin, ya janye hannu, ya sake taɓawa, kamar wanda ya daina taba jiya.

Da hantsi Maƙbul ya dawo da kifi ɗaya, ya zuba musu shayin gishiri, ya gutsura gurasa.

"Lafiya kuwa? Tun safe da ƙudaje biyun nan? Ko ka tuba ne?"

"Tsufa ya koya mini haƙuri."

"Kai? Yayata ta yi ta ƙoƙari har kabari ba ta koya maka ba, sai tsufa?"

"Ci gurasarka. Wannan kifin naka ma ka tambayi uwarsa kafin ka ɗauko shi?"

Bai rufe baki ba ya koma ruwa, don kada hirar ta yi nisa. A jifa ta gaba wani abu ya fizgi zaren. Babba ne. Ya yi ƙasa, ya juyo, ya shige cikin saiwoyin bishiyar. Sandar ta lanƙwashe, sai kuma ta miƙe. Masta ya naɗo zare ba komai a bakinsa. Ƙudaje biyun sun tafi.

"Ka ga ladan haƙuri," in ji Maƙbul yana dariya. Ya gyara zama a kan dutse da kofinsa. "Maza sa wani, akwai ɗan'uwansa a wurin."

Masta ya buɗe akwatin. Da gefen ido ya ga layukan da ya sani kamar sunayen ɗalibansa: masu gashin fakara, masu gashin ɗawisu, baƙaƙe masu jan wutsiya. Ya ɗauki ɗaya, ya juya wa Maƙbul baya, ya kai bakin zare wajen kafar ƙugiyar, 'yar hudar da zare ke shiga. Ba kafa, sai tabon. Ya lashi zaren, ya gwada, ya wuce. Ya ce wannan bai dace da ruwan ba, ya mayar. Ya ɗauki wani, ƙudan ya faɗi cikin tsakuwa, ya take shi da ƙafa. Gumi ya keto masa a cikin wannan sanyi.

A lungun akwatin akwai wani ƙaton ƙuda, ruwan ɗorawa da shuɗi, tsawon ɗan yatsa. Irfan ne ya kawo shi tsaraba daga Sikotilan, inda ake kama kifin salmon da irinsa. Masta ya daɗe yana nuna wa mutane shi don a yi dariya: ga abin da ɗansa mai digiri ya sayo wa kogin da salmon bai taɓa shiga ba. Kafarsa kuwa ko igiyar takalmi za ta shiga. Yatsunsa suka lalubo ta, zaren ya shige nan take.

Ya jefa. Abin ya faɗa ruwa kamar an yar da mataccen tsuntsu, duk kifin da ke gurbin ya san inda dare ya yi masa. Masta ya tsaya yana jiran ba'ar. Ya ma tanadi amsa. Ba'ar ba ta zo ba.

Da ya waiwaya, Maƙbul ya ajiye kofi, ya taso. Ya kama zaren, ya jawo ƙaton ƙudan, ya dube shi, ya duƙa ya ɗauki ƙaramin da ke cikin tsakuwa.

"Tun yaushe, Yaya?" Bai taɓa kiransa haka ba sai ranar jana'izar yayarsa.

"Gwaji nake yi. An rubuta cewa a ƙarshen kaka manyan tarawut..."

"Tumakin nan ma gwaji ne? Da ni a cikin motar?"

Maƙbul ya miƙa hannu. Sannan Masta ya zaro makullin motar ya jefa masa a ƙirji.

"Sai ka goya ni, tunda ba ka iya tuƙi ba."

"Za mu sami wanda ya iya a ƙauye."

"Irfan fa?"

"Ɗan yayata ne. Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ran Juma'a zan faɗa masa."

Masta ya dubi kogin, wato gefe-gefensa. Ya miƙa wa Maƙbul akwatin.

"Yau dai Talata ce. Sa mini mai gashin fakara."

Maƙbul ya tsinke na Sikotilan, ya ɗaura, ya ciji saura da haƙori. Masta ya jefa, ya bar ruwa ya kewayo da shi, ya sake jefawa. Maƙbul bai kai ga dutsensa ba ya ji ana kira.

"Boka! Dawo. Wannan ba ya ci. Sa baƙin nan mai jan wutsiya."