Saniya ta Ashirin

Ramuka ashirin ne a kwalin Motlatsi, sha tara a cike. Kwabban tagulla ne irin waɗanda gidan mai ke bai wa direbobi kyauta a zamanin da, kowanne da hoton tsohuwar mota. Shekara shida yana neman na ƙarshe, mai motar kashe gobara.

A tashar Ladybrand ya gan shi, kan allon morabaraba, darar da ake ce wa 'ya'yanta shanu. Ntate Sekhobe, wato Baba Sekhobe, wanda ya tsufa a zuba mai, da kwabban nan yake wasa.

"Ntate, za ka sayar min da saniya ɗaya?"

"Ni na yi maka kama da mahauci? Zo da naka garken. Wadda ka ci taka ce, wadda na ci tawa. Wasa ɗaya, ba ƙari."

Washegari Motlatsi ya zo da kwabbai sha biyu, cikin waɗanda yake da su bibbiyu. Direbobi suka kewaye su, wani na cin masarar da wata mata ke gasawa a gefe.

Bai ko kalli motar gobarar ba. Tsoho na ganewa zai ajiye ta cikin jerin uku, inda ba a taɓa saniya.

Aka ci masa ɗaya. Aka ci huɗu.

"Wa ya koya maka wasa, kakarka?"

"Ita ce, Ntate."

"Allah ya jiƙanta, ta cuce ka."

Sau biyu Motlatsi ya jera uku, sau biyu ya tarar da motar gobarar a tsare. Ya ɗauki wasu. Shanunsa suka yi ta tafiya har saura uku. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Mai shanu uku kuwa doka ta ba shi ya tsallaka duk inda ya ga dama. Tsoho yana dariya ya zare motar gobarar daga jeri don ya rufe wasa. Motlatsi ya ɗaga saniyarsa daga can ƙuryar allo, ya dire ta kusa da 'yan'uwanta. Jeri ya cika. Ya miƙa yatsu biyu ya ɗauke ta.

Tsoho ya dube shi, ya dubi allo.

"Kai, ɗan banza! Ashe ita ka biyo?"

"Ita."

Direbobi suka kwashe da ihu. Taku biyu bayan nan aka cinye Motlatsi ƙarƙaf. Ya tashi da kwabon a dunƙule cikin hannu a aljihu, ya ce wa mai masara ta gasa wa kowa.