Tsaga Biyu a Kunnen Dama

Shekara tara ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro, ban yi aure ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Abin da nake so ɗaya ne: fili nawa na kaina a bayan gari, ɗaki biyu da ƙofar da ni ke riƙe da makullinta. Na gaji da zaman gidan Baba, inda matan yayyena ke leƙa tukunyata su ga abin da na dafa.

Duk wata, in albashi ya fito, sai in ware jika goma in ɓoye. Anko ya wuce ni, bukukuwa suka wuce ni, har aka sa mini suna Nuriyya Ƙanƙamo. In kuɗin ya kai na tunkiya, sai in ba Baba ya je kasuwa ya saya, don a gidanmu mace ba ta tsayawa cikin dillalai tana taba cinyar dabba. Shi kuma ya kai wa Abarci, makiyayin da ke riƙe mana dabbobi a wajen Azagor.

Ranar da aka sayi ta farko, Baba ya ɗauko aska ya yi mata tsaga biyu a kunnen dama, alamar gidanmu tun kakanni. Na ce ko a yi mini tawa daban. Ya yi dariya.

"Ke ɗiyata, mi kike tsoro? Alamar ubanki ta. In ta ɓace a daji, kowa ya san inda za ya kawo ta."

Na ji kunya, na yi shiru. Wannan shirun ne ya cinye ni.

Tumakin suka hayayyafa har suka kai ashirin da huɗu. Na riga na ga filin, na yi magana da mai shi, saura in sayar da su bayan damina. Sai Baba ya faɗi a masallaci, kwana biyu ya rasu, bai iya cewa komai ba.

Ranar rabon gado, yayana Harisu ya sa aka koro garken zuwa ƙofar gida. Na ce masa tumakina ne. Ya kama kunnen wata tunkiya ya nuna wa malamin da ke rabon.

"Malam, duba nan. Alamar wa ta wagga?"

Aka tambayi Abarci. Bawan Allah bai yi ƙarya ba, ya ce daga hannun Elhaji yake karɓarsu. Dillalai ma suka ce Elhaji suka sani. Ni ba takarda, ba shaida. Baban da ya sani yana kabari, alhali shi bai bar ko akuya tasa ba.

Maza uku ne, mu mata biyu. Kowane namiji ya kora shida, ni aka ba ni uku. Ƙanwata Hawwa'u ta karɓi nata ba ta iya kallona ba. Harisu har da lallashi.

"Ki yi hanƙuri, ƙanwata. Mace marar miji mi za ta yi da hili? Ɗakinki na nan, babu mai korar ki."

Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Filin kuwa wani ɗan kasuwa ya saye shi kafin wata ya ƙare. Kullum ta gabansa nake bi zuwa lakwal, ina kallon ana ɗora bulo.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan rabon, na shiga cikin dillalan nan da ƙafata, na taya, na sayi 'yar tunkiya. Na kawo ta tsakar gida, na haɗa da ukun nan, na sa reza na yanke wa kowace gefen kunnen hagu. Jini ya ɓata mini zane.

Harisu ya fito yana faɗa.

"Kin ɓata dabbobi! Wagga alama babu wanda ya san ta a gidan ga."

Na goge rezar a zanena, na ce, "Shi ya sa, Yaya."