Ruwan Aduwa

Habsu ta ɗora kularta ta ƙanƙara a cinyarta, ta ƙi bari a sa ta a but ɗin mota. Motar Sakkwato ba ta cika ba tukuna, rana kuma ta fara zafi a tashar Gummi.

"Ɗiyata, mi ke cikin kular nan? Magani?" in ji wata dattijuwa da ke gefenta.

"Ruwan ɓawon aduwa ne, Inna. Makaranta zan kai a auna."

"Aduwa da muke wanki da ita?"

"Ita fa. Kin ga yadda kumfarta ke cire maiƙo daga tufa? So ake a tura irinta ƙarƙashin ƙasa, ta saki ɗanyen man da ya maƙale a dutse."

Dattijuwar ta yi murmushi irin na tausayi, ta juya wajen mai ƙosai.

Habsu ta saba. A gida ma mahaifinta ne kaɗai yake tambayarta aikin. Bai gane ba, amma shi ya riƙa shiga dajin Adabka yana ɓaro mata ɓawon, ya shanya a kan rufin rumbu. Ya rasu bara. Dajin kuma yanzu ba mai shigarsa saboda 'yan bindiga. Abin da ke cikin kwalaben da ke kular nan shi ne ƙarshen abin da ya tara mata, kuma duk digirinta na biyu a kansa ya rataya.

Wayarta ta yi ƙara. Malam Sanusi ne, mai kula da na'urar kiromatogirafi, wadda ke rarrabe sinadaran ruwa ɗaya bayan ɗaya ta nuna yawan kowanne.

"Malama Habsu, kin taso?"

"Ina mota."

"To ki yi haƙuri. Bututun na'urar ya toshe, sai an kawo sabo daga waje. Ban ga alamar zai iso kafin kaka ba."

"Malam, ruwan ba zai kai kaka ba. Gummi ba wuta, da ƙanƙara nake riƙonsa."

Ya ce, "Akwai irin na'urar a Zariya. Sai dai ban san kowa can ba."

Ta kashe wayar. Ta duba sunayen da ke cikinta daga sama har ƙasa, ba ta ga wanda za ta kira ta gaya wa ba. Yayanta zai ce ta dawo gida kawai, Allah bai yi ba.

Direba ya leƙo ta taga. "Saura mutum ɗaya mu tashi."

"Biyu," in ji Habsu. Ta buɗe ƙofa ta sauka.

Ta sayi ƙanƙara wajen mai zoɓo, ta zubar da wadda ta narke a gindin bango. Can gefe wani direba yana kiran Anka, Gusau, hanyar da za ta kai ta Zariya. Ba ta taɓa zuwa Zariya ba, ba ta san inda za ta kwana ba.

"Hajiya, ke kaɗai ce?" ya tambaye ta.

"Ni kaɗai. A ba ni gefen da rana ba ta bugu."