Tukunyar da Ba Ta da Suna

Sai da jirginsu ya tsaya a kan inda tsohon jirgin dakon kayan nan ya nitse, can bayan tsibirin Manado Tua, sannan Meiske ta lura da tukunyar iskar da ke gefen yayanta Stenly. Fes take, ko ɗigon rubutu babu a jikinta.

Masu nutso mai zurfi ba sa wasa da wannan. Wanda ya kai mita tamanin ba ya hawowa kai tsaye, sai ya yi ta tsayawa a hanya yana sauya iska har abin da ya taru a jininsa ya fita. Su biyun tukunya biyu-biyu suke ratayawa don hawowar: mai rabin oksijin, wadda ake fara shaƙa tun daga mita ashirin da ɗaya, da kuma oksijin zalla, wadda ba a taɓa ta sai an iso mita shida. Wanda ya shaƙi zallar a zurfin da ya wuce nan, jijjiga ce za ta kama shi, bututun ya fita daga bakinsa, shi ke nan. Shi ya sa kowa ke gwada tukunyarsa da hannunsa, ya manna mata tef, ya rubuta sunansa da zurfinta.

"Kak Stenly, wannan fa?" in ji ta, don Kak suke ce wa yaya a can.

"Tawa ce ta fara yoyo da safe, na ɗauko wannan a lungun shago. Rabi ce."

"Ka gwada?"

"Ni na cika ta makon jiya."

"Ban tambaye ka wa ya cika ba. Ina na'urar gwajin?"

Ya sosa ƙeya. Na'urar tana can kan benci a shago, kuma kafin a je a dawo igiyar ruwa ta juya. Ga kuma lokacin iskar yamma mai hana fita teku ya kusa, in ta fara kuwa sai baɗi. Stenly ya daɗe yana neman nitsattsen jirgin nan, har abokansa sun gaji da yi masa dariya, yau kuma ga shi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Om Welly, dattijon da ke tuƙa su, ya ci gaba da gasa kifinsa da barkono kamar bai ji ba. Ya san 'yan gidan nan, taurin kai gadonsu ne.

"Ke dai tsoro kike ji," in ji Stenly yana murmushi. "Tun kina ƙarama haka kike, sai an taɓa miki ruwan wanka kafin ki shiga. Wa ya koya miki nutson ma?"

"Kai. Kai ne kuma ka ce kada in shaƙi abin da ban gwada ba, ko da uwata ce ta cika."

"Ai ba ke za ki shaƙa ba. Zauna ki taya Om cin kifi, ni zan sauka."

Ya fara ɗaura kayansa. Nan fa ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta da gaske, don ta san shi: in ya yi wannan murmushin, ko fasto aka kira ba zai juyo ba. Wataƙila ma gaskiyarsa ce. Stenly ba shashasha ba ne, da wuya ya manta abin da ya cika. Amma a lungun nan ake jingine tukwanen zalla su ma, kuma duk kamarsu ɗaya.

Ta miƙe tsam. Ta tsallake shi, ta cire bututun, ta murɗa kan tukunyar har ƙarshe. Iska ta ɓarke da ƙara mai toshe kunne. Stenly ya yi kukan kura zai rufe, ta zauna daram a kan tukunyar, ta damƙe wurin murɗawar da hannu biyu. Ƙarfen ya yi sanyi har yana cizon tafinta, ba ta saki ba.

"Meiske, tashi."

"Sai dai ka jefa ni ruwa tare da ita."

"Kin haukace ne?"

"Na haukace."

Om Welly ya janye murhunsa can ƙarshen jirgi, ya kwara masa ruwa, kifin da komai. "Wuta da wannan iskar ba sa shiri," ya faɗa, ba tare da ya kalli kowa ba.

Ƙarar ta yi ta raguwa har ta mutu. Stenly ya zauna yana kallon ruwan, idonsa ya yi ja. Ta tausaya masa har cikin ranta, amma ko kusa ba ta yi nadama ba.

"Ba zan sake nutso da ke ba," in ji shi a hankali.

"To."

"Rabi ce. Na san rabi ce. Yanzu kin zubar, har abada ba za mu san abin da ke ciki ba."

Meiske ta hura hannuwanta da suka sandare, ta ce wa Om Welly ya ja anga su koma gida.

"Ba za mu sani ba," ta ce. "Ni ma ba sai na tsaya a ƙofar Mama ina neman yadda zan faɗa mata ɗanta ya mutu ba."