Injin da Ya Fi Mutum Gata

A duk ofishin manoman dawa na Gadarif ɗaki ɗaya ne ke da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba don ɗan Adam aka sa shi ba. An sa shi ne don wani baƙin inji mai tsayin firji, wanda ke riƙe da sunayen gonakin Gadambaliya da na masu su. Khartum ta ce injin ba ya son zafi. A kan ma'aikata kuwa ba ta ce uffan ba.

Mabuɗin ɗakin yana hannun Mujtaba. Ba kwamfuta ya karanta ba. Gemunsa ne ya dace da zamani, kuma ba a taɓa rasa shi a sahun gaba na masallacin da manyan gwamnati ke salla ba. Aikinsa ya leƙa ya ga koriyar fitila tana ƙiftawa. Tsakani da Allah yake son ɗakin nan. Nan ya shimfiɗa darduma, nan ake cin waken fatur, wato karin kumallo, da hantsi, nan mudir Sharu Hamid, shugaban ofishin, ke zuwa bayan azahar duba lafiyar inji har a ji minsharinsa. Albarkacin mabuɗin, mutanen da a da ba sa amsa masa sallama su ne yanzu ke fara gaishe shi.

Ana nan sai umarni ya zo cewa a danƙa bayanai ga wata shirka, wato kamfani. Wakilinta, wani Ishaku mai farar mota, ya ce za a ajiye komai a girgije, ma'ana a injinan wasu mutane can wata ƙasa. Aka yanka rago, aka yi kabbara. Aka naɗa Mujtaba mai sa ido a kan shirkar, aka kuma ce a kashe tsohon inji da mukayyif ɗinsa. Ranar ko naman ragon bai iya ci ba.

"Ya Sharu," ya ce wa mudir, "injin nan ya yi mana hidima shekaru. A kashe shi haka kawai, wallahi ba daɗi."

Sharu Hamid ya dubi rana ta taga, ya dubi dardumar. "Shi ke nan, bar shi a kunne. Jinƙai ma ibada ne."

Sa ido kuwa ya tafi lafiya lau. Duk farkon wata Ishaku kan zo da tiren basbusa, wani kek mai zaƙi, a zauna a ɗakin sanyi a ci fatur. Wani lokaci Mujtaba kan ji kamar ya ce a nuna masa inda bayanan suke. To amma mutumin da kuka sa hannu a kwano ɗaya, ya kuma ja ku salla, ta yaya za ka dube shi ka ce ya kawo hujja? Wannan ai rashin tarbiyya ne. Sai ya ce, "Komai tamam?" Ishaku ya ce, "Tamam da ziyada." Shi ke nan, an duba shirka.

Cikin zafin Afrilu, lokacin da manoma ke tururuwar sabunta izinin gona kafin damina, aka ce mai bincike na tafe daga Khartum, wani Ustaz Abdallah. Mudir ya ce a kashe inji, a naɗe darduma, idan baƙo ya tafi a mayar. Mujtaba ya danna maɓalli yana ba injin haƙuri a zuci.

Ustaz Abdallah bai gama shan shayin maraba ba sai ga Batulu, mai buga wa manoma takardu, a bakin ƙofa. "Ya mudir, kwamfuta ta ƙi. Ba gona ko ɗaya a ciki, kuma mutane sun cika tsakar gida."

Mujtaba ya kira Ishaku, ya buɗe muryar waya don baƙo ya ji yadda ake sa ido.

"Ya Mujtaba," in ji Ishaku, "ba dai kashe injin kuka yi ba?"

Ashe tun zuwansa na farko da ya tarar da injin a kunne, Ishaku ya ga babu gaggawa. Tambarin shirka kawai ya liƙa a fuskar kwamfutoci. Girgijen da aka yanka wa rago shi ne baƙin injin nan da suke cin basbusa a gindinsa.

Mujtaba ya ruga ya kunna. Koriyar fitila ta ƙifta, gonaki suka dawo. Murna ta cika shi har ya ji hawaye, don yanzu kowa ya ga ba a iya rabuwa da injin, ɗakinsa ya tsira.

Ustaz Abdallah ya daɗe yana shafa gemu. Shirkar ta 'yan'uwa masu gemu irin nasa ce, kuma ba a tona asirin ɗan'uwa. "Umarni ya ce bayanai su kasance a hannun shirka," ya ce. "To su kasance. Ishaku ya zo ya ɗauki injin."

"Ya Ustaz, injin fa ba ya son zafi," in ji Mujtaba, yana tsammanin ya sami mafita.

"Barakallahu fika, ka tuna mana. A cire mukayyif ɗin a haɗa masa."

Kafin mako ya zagayo an loda inji da mukayyif a mota. Mujtaba kuma aka aiko masa takardar yabo mai kauri, mai zanen zinariya a gefe, saboda kiyaye amanar al'umma. Mabuɗin yana nan a aljihunsa, babu mai tambayarsa. Bayan azahar yakan zauna shi kaɗai a ɗakin, iska mai zafi na shigowa ta ramin da aka bari a bango, yana fifita da takardar.