Saura Santimita Ɗaya

Shekara hamsin da ɗaya na yi ina aikin kafinta a garinmu, nan yankin Frislan. Ba a taɓa dawo mini da ƙofa ko taga an ce ba ta zauna ba. Makaranta ina ɗan shekara goma sha uku na bar ta, ban kuma yi kewarta ba. Awo na iya, shi ya ciyar da ni.

Rulata ta katako ce, mai naɗewa, mita biyu. Maigidana ya ba ni ita ranar da na gama koyon aiki. Ko coci zan je tana aljihuna.

A jikin ƙofar kicin nake auna jikokina, 'ya'yan ɗana Auke. Renske shekararta shida, Hiske uku. Uwarsu Marrit mace ce mai son tsari. Ita ta ƙulla cewa a hutun Mayu za a kai yaran wani babban filin wasannin yara da ke kudu, a kwana biyu a wani ɗan gidan haya kusa da shi. Har da ni, wai. Na ce ba ni da abin yi a wurin da ake biya a juya mutum. Aka yi kamar ba a ji ba.

A filin akwai wani jirgin ƙarfe da suke kira Mesa. Ya hau sama, ya kifa da mutane, ya dawo da su. Renske ta gan shi a wayar uwarta, daga ranar ba ta da wata magana. Amma akwai doka: sai yaro ya kai santimita ɗari da ashirin, da takalmi.

Wata Laraba da yamma ta faɗo mini gida ko sallama babu.

"Kaka, auna ni."

Na jingina ta da ƙofa, na ɗora katako a kanta, na ja layi, na miƙa rula.

"Ɗari da ashirin cif."

"Ka tabbata, tsoho?"

"Ke, ƙwailar banza, ni kike tambaya?"

Ta fita da gudu. Kafin Jumma'a duk 'yan ajinsu sun ji. Marrit ta sayi tikiti a kan maganata.

Saura mako uku, ranar Lahadi, muna shan kofi a gidansu. Marrit na auna yarinyar da tef ɗin ɗinki, za ta saya mata rigar ruwa. Sai na ga ta tsaya, ta sake aunawa.

"Baba, ni fa ɗari da sha tara nake gani."

"Tef ɗin tela roba ne. Miƙewa yake yi."

"Sabo ne, Baba."

"To sabon banza ne."

Ta naɗe tef ɗinta. Tana da ladabi, wannan ba na hana ta.

Washegari na hau keke na tafi garin da ke gaba da mu, don mai shagon kayan aiki na garinmu bakinsa ba ya rufuwa. Na sayo rula ta ƙarfe. A gida na shimfiɗa su biyun a kan tebur, kai da kai. Tawa ta gaza. Bakinta ya cinye, santimita guda ya tafi. Shekara da shekaru da ita nake aunawa, da ita nake yankewa, shi ya sa aikina bai taɓa tona ta ba. Na daɗe a zaune. Kofina ya huce.

Auke na fara gaya wa. Ya yi dariya har da tari.

"Haba Baba, santimita ɗaya? A cusa mata kwali a takalmi. Kowa haka yake yi."

"Ni ban taɓa cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar tebur ba. Ba zan fara da jikata ba."

"To ka gaya mata da bakinka."

Ranar Laraba na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Amma ka ce cif."

"Na ce."

"Ƙarya ka yi ke nan?"

"Ban yi ƙarya ba. Rular ce ta tsufa."

"Kamar kai."

Na ƙyale ta. Wanda ya yi ɓarna ba ya zaɓen zagi. Ta ce ta riga ta gaya wa kowa a aji, har wata Ymke da ke mata gori ta ce sai ta ga hoto. Daga nan ta kama neman tsawo. Madara kofi uku a rana. Dankali har ta nemi ƙari. Ta riƙa rataya a ƙarfen lilo kamar wanki. Na ce mata mutum ba ya tsiro a mako uku, ta ce in sa ido.

Asabar ɗin nan ta kwana a gidana. Da sassafe, ko burodi ba a yanka ba, ta sa takalmi ta tsaya jikin ƙofa.

"Auna."

Na auna don a zauna lafiya. Ɗari da ashirin, har da milimita biyu. Na goge tabarau na sake. Haka dai. Na duba cikin takalmin, babu kwali. Na ce wannan sabuwar rular ma an cuce ni. Da yamma bayan ta wuni tana tsalle na sake auna ta. Ɗari da sha tara.

Na ajiye rular. Na gwada a kaina kwana uku, safe da yamma, ina jan layi a jikin ƙofar ɗaki. Ashe mutum da tsawonsa yake tashi daga barci, tsayuwa da yawo su danne shi kafin rana ta faɗi. Kamar katifa. Shekara saba'in da huɗu ina cikin jikin nan ban sani ba.

Lahadi na je gidansu da takarda a aljihu. Marrit ta riga ta manna tata takardar tsarin yawon a jikin firij, da launi huɗu. Ƙarfe goma dajin tatsuniya saboda Hiske. Sha biyu burodi da cuku. Ƙarfe ɗaya Hiske ta yi barci. Mesa sai ƙarfe huɗu, lokacin layi ya ragu, da alamar tambaya a gefe.

"Wannan tsarin bai yi ba," na ce. "Mesa ce ta farko."

Na yi musu bayani. Auke ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Marrit ta latsa waya, ta karanta, ta ɗago.

"Gaskiyar Baba ce. Ga shi nan an rubuta."

"Na riga wayar sani."

"Amma Baba, sai goma ake buɗe ƙofa. Yarinyar nan ƙarfe shida take tashi."

"Ta farka. Ba za ta tashi ba."

"Awa huɗu? Renske? Wa zai riƙe ta?"

Duk suka juyo suna kallona. Haka aka rubuta sunana a jikin firij, da jan biro.

Ina da amalanken katako da na haɗa tun Auke na yaro, irin wanda ake jan yara a ciki. Na ciro shi, na ƙara masa tsawo, na sa katifa, na shafa wa ƙafafun mai. Da ƙyar ya shiga mota. Auke ya ce ko dai amalanke ko akwatina. Na ce ni riga biyu ta ishe ni.

Ranar da aka tsara, ƙarfe shida saura, na ji motsi a gidan hayar. Na sami Renske ta sauko da ƙafa ɗaya daga gado.

"Mayar."

"Fitsari nake ji."

Na ba ta minti biyu, ina duba agogo. Ta dawo ta kwanta. Uwarta ta soya fanke, na riƙa yanka mata tana ci a kishingiɗe. Hiske ta ga haka ta ce ita ma ba za ta tashi ba. Kafin bakwai an ci, an sha, an gama komai, saura awa uku.

"Kaka, ba ni labari."

"Ba ni da labari."

"To zan tashi."

Ni ba mai magana ba ne. Marigayiya matata takan ce da ni da sandar ƙofa duk ɗaya. Amma ranar na yi magana. Na ba ta labarin ranar da na faɗa ruwa da ƙofar coci a kaina. Na ba ta labarin sanyin da ya daskarar da tafki muka je biki a kan ƙanƙara. Na gaya mata yadda kakarta ta ƙi ni sau biyu saboda kunnuwana. Da labari ya ƙare na koya mata sunayen katako. Auke ya tsaya bakin ƙofa riƙe da kofi.

"Baba, shekara arba'in ban taɓa jin wannan ba."

"Ba ka taɓa gaza santimita ɗaya ba."

Tara da rabi muka ɗauke ta kamar allon ƙofa, muka shimfiɗa a amalanke. Ni na ja. Mutane na matsawa suna ba mu hanya. Wata mata ta ce Allah ya ba ta lafiya. Renske ta ce, "Lafiyata ƙalau, tsawo nake ajiyewa."

Aka buɗe ƙofa. Ban kalli dajin tatsuniya ba, ban kalli masu rawa ba. A gindin Mesa wata budurwa na tsaye da sandar awo mai ƙarfe a gicciye. Na ce ta ba ni sandar. Na auna ta da sabuwar rula. Ɗari da ashirin daidai. Na mayar mata na ce aikinsu ya yi kyau. Ta dube ni ta dubi Marrit.

Na ce, "Renske, tashi. A hankali. Kada ki yi tsalle."

Ta sauko kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Ta tsaya. Budurwar ta juyo da ƙarfen. Ya zo ya daki kanta, ya ƙi wucewa.

"Ta kai," in ji budurwar. "Wane babba ne zai raka ta?"

Wannan ba ya cikin takardata. Auke na riƙe da Hiske. Marrit ta ce ita ce mai ɗaukar hoto. Renske ta riga ta kama hannuna.

"Kai ka ce cif, tsoho. Zo mu je."

Na miƙa wa Marrit hulata da tabarau da rulolin biyu. Abin da ke saman Mesa ba zan iya faɗa ba, don ban buɗe ido ba. An ce na yi ihu. Ban ji ba.

Da muka sauko Renske ta ce a sake. Budurwar ta ce dokarsu kowane hawa sai an auna. Renske ta dube ni, ta dubi layin da ya fara tsawo, ta ruga ta haye amalanke ta miƙe.

"Ja, Kaka. Kafin in ragu."

Na ja.