Maɓalli Huɗu da Muryar Inna

Aikina sauraren muryoyin mutane in mayar da su rubutu. Daga gida nake yi: in buɗe kwamfutata, in shiga ta ofis daga nesa, allonta ya rufe nawa gaba ɗaya. Ƙa'idar wurin, kowace la'asar sai an goge muryoyin da aka gama. Shekara shida ina yi, har yatsuna sun daina shawara da ni. Alt da Tab, in koma kan jakar muryoyi. Ctrl da A. Shift da Delete. Enter. Ko kallo ba na yi, kuma da haka nake wa sababbin ma'aikata fankama.

Ran nan Inna ta cika wata biyu da rasuwa. Saƙonninta na murya guda ɗari da sha ɗaya na kwashe daga tsohuwar wayata kafin wayar ta lalace, suna cikin kwamfutata, babu su a ko'ina kuma. Kewa ta dame ni, sai na rage allon ofis ya koma rabi, na buɗe jakar saƙonnin Inna a baya. Ina aiki muryarta tana yi mini faɗa a kan rashin cin abinci.

La'asar ta yi, yatsuna suka yi abin da suka saba. Maganar Inna ta yanke a tsakiyar kalma.

Na kira injiniyan ofis.

"Hajiya, allon a cike yake ko kin rage shi?"

"Na rage."

"In kin rage shi, Alt da Tab ba ya zuwa kwamfutar ofis. A kwamfutarki yake tsayawa."

"To ka dawo mini da su mana!"

"Kashe ta yanzu, kar ki taɓa komai. Kawo ta."

Kwana uku tana hannunsa. Ya ce ba za su dawo ba, irin wannan sabuwar ma'ajiyar kwamfuta share wurin take yi nan take. Na so in zage shi, amma ba shi ya danna ba. Tsanar hannuna na ji, wallahi.

Ina fitowa daga wurinsa ƙanina ya kira, ga hayaniyar yara a bayansa.

"Yaya, don Allah turo mini wanda Inna take wa Auta waƙa. Tun safe take kuka, wai ta manta yadda kakarta take magana."

Na tsaya a bakin titi da kwamfutar a hammata. Na ce masa ya ba ta wayar, ni zan gwada rera mata.